Wai me ake shafa wa fuskar roba, kuma me ya sa har yanzu take karcewa?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masu gyara da masana. Maƙwabcina a kasuwa ya sayi irin wayar nan mai naɗewa, kuɗi ba na wasa ba, ko wata ba ta yi ba sai ga shatin farce a fuskar ciki. Farce fa, ba mukulli ba. Ni kuwa tsohuwar wayata kullum aljihu ɗaya take da mukullan shago, kuma ƙalau take. Shin ba sa shafa wa robar nan komai ne, ko dai jabu aka sayar masa?

Oga Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Ba jabu ba ce Baban Hanifa, haka suke dukkansu. Fuskar ciki ta mai naɗewa leda ce a sama, taka kuwa gilashi ce. Mu nan kasuwar waya ta Farm Centre a Kano in an kawo mana su, abin da muke fara faɗa wa mai ita shi ne ya yanke farce, kuma kada ya kuskura ya ɓare ledar nan da kansa.

Alhajin Guwanzu: Ya zo wajena in manna masa gad, wato abin kare fuskar waya, mai 9H a huta. Lu'ulu'u ne kaɗai ya fi shi tauri.

Oga Mai Gyara: Alhaji, gad ɗin gilashi a fuskar da ake ninkewa? Ai ninki ɗaya zai ji ƙas.

Alhajin Guwanzu: To akwai na leda, shi ma 9H aka rubuta a kwalinsa.

Injiniyan Roba: Alhaji Allah ya ƙara girma, ku yi mini izini in ɗan tsoma baki, don a nan Koriya ta Kudu a kan shafen roba nake karatu, kullum muna ɗakin gwaji da waɗannan lambobin. Ma'auni biyu ne ake cakuɗawa. Akwai na Mohs, wanda wani Bajamushe masanin duwatsu, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. A nan ne lu'ulu'u yake 10, yakutu 9, dutsen kuwaz da ke cikin yashi 7, gilashin taga wajen 5.5, farcen mutum wajen 2.5. Shi kuwa 9H na kan kwali, na fensir ne. Fensir dai da ake rubutu da shi, irin wanda ake rubuta wa HB ko 2B a gindi. Ana jera su daga 6B mai laushi har 9H mai tauri, a feƙe, a goge bakin a kan sanfefa ya zama miƙaƙƙe, a kwantar da shi a kusurwa 45, a ɗora masa nauyi, yawanci giram 750, a tura a kan fuskar abin. Fensir mafi tauri da bai bar tabo ba, shi ne makin abin. Bakin fensir kuwa girafait ne da yumɓu. Ko gilashin kofin shayi zai ci 9H.

Alhajin Guwanzu: Kai yaro, kana nufin ƙarya muke sayarwa?

Injiniyan Roba: A'a Alhaji, ban ce ba. In gilashi ne, 9H ɗin gaskiya ne, sai dai bai faɗi abin da masu saye suke zato ba. Na ledar ne nake tantama. Leda mai laushin da za a naɗe a yatsa, a ce ta ci 9H da nauyin giram 750, sai na gani a ɗakin gwaji.

Ɗan Maraɗi: To Injiniya, ka amsa wa Baban Hanifa mana. Ana shafawa ko ba a shafawa?

Injiniyan Roba: Ana shafawa, yallaɓai. Da ba a shafa ba, da ko gefen riga ma ya isa ya dusashe ta. Robobin da ake sa wa a gaban fuska ba su da yawa. Akwai polikabonet, wanda aka gano a 1953 a kamfanin Bayer na Jamus da General Electric na Amurka kusan lokaci guda. Da wuya ya fashe, amma tsirararsa ko fensir HB yana karce shi. Akwai akirilik, wanda aka fara sayarwa da sunan Plexiglas a 1933, ya fi tauri, wajen 2H, amma yana tsagewa in ya sha bugu. Shi ya sa wasu masana'antu suke haɗa biyun a faranti ɗaya, akirilik a sama, polikabonet a ƙasa. Sai PET, ɗan uwan robar gorar ruwa, da poli'imid marar launi na wayoyi masu naɗewa.

Shafen da aka fi yi ruwa ne mai kauri na sinadarin akirilet. A masana'anta ledar tana zuwa a naɗe a babban gammo, injin yana warware ta, ta bi ta ƙarƙashin wani siririn baki da yake zuba ruwan daidai wa daida, ta shiga tanda ruwan narkin ya tsane, sannan ta wuce ƙarƙashin fitilun UV, irin hasken nan na cikin rana da ido ba ya gani. Cikin daƙiƙa kaɗan hasken yake sa ƙwayoyin sinadarin su sarƙe da juna ta ko'ina, su daskare. Yawan sarƙewar shi ne taurin. Sau da yawa ana zuba garin silika a ciki, mai ƙanƙantar da haske ba ya ganinsa, don ƙara tauri ba tare da fuskar ta yi dishi-dishi ba. Kaurin shafen duka maikiron 3 zuwa 10 ne a yawancin kaya. Silin gashin kai wajen maikiron 70 ne, sai ku kwatanta.

To a nan matsalar take. Ku ɗauka an yi wa katifa shafen siminti siriri. Saman yana da tauri, amma da an taka, katifar ce za ta lotsa, simintin ya bi ta ya tsage. Shafe iri ɗaya, in ka sa wa akirilik ka samu 4H ko sama, ka sa wa polikabonet ka tsaya a H ko 2H, don abin da ke ƙasa ne yake yanke hukunci.

Baban Hanifa: To su ƙara kaurin shafen mana. Ko rowa ce?

Injiniyan Roba: Ba rowa ba ce Baba. Shafen yana tsukewa lokacin da yake daskarewa. In ya yi kauri sai ya ja ledar ta nannaɗe da kanta, ba ta manno a fuska. Kuma mai kauri ya fi saurin tsagewa wajen ninki. Lissafin mai sauƙi ne: ka raba kaurin ledar da faɗin lanƙwasar. Leda mai maikiron 50 da aka lanƙwasa a zagayen da faɗinsa milimita 3 ne, samanta zai miƙe ko ya matse da kusan kashi 1.7 cikin ɗari. Ka ninka kaurin, ka ninka wahalar. Samsung kuma cewa suka yi sun gwada Galaxy Fold a ninki 200,000. Shafen da zai jure wannan dole ya sassauta tauri.

Oga Mai Gyara: Ni dai maganata ɗaya, roba ba ta da gurbi a fuskar waya. Ko Apple da za su fito da iPhone na farko a 2007, da roba suka tsara shi, ana saura kwanaki a fara sayarwa suka sanar cewa sun koma gilashi. Daga nan kamfanin gilashi na Corning suka samu kasuwar Gorilla Glass. Kafin nan sun sha ƙorafi a kan na'urar sauraren waƙa ta iPod nano na 2005 da yake karcewa, har aka kai su kotu. Waɗanda suka fi mu kuɗi da ilimi sun gwada sun gudu, mu me za mu tsaya yi?

Ɗan Maraɗi: Oga, kai da kake cin abinci da fasasshen gilashi ai dole ka yabi gilashi. 😂

Oga Mai Gyara: Haba ɗan uwa, a rufa wa juna asiri.

Anti Mai Tabarau: Ku bar wasa, ɗan Maraɗi ya taɓo gaskiya. Ni a sana'armu ta tabarau gilashi muka baro muka koma roba, kuma babu mai marmarin komawa. Tun 1972 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta cewa idon tabarau ya zama mai jure bugu, saboda gilashin da yake fashewa ya shiga idon mutane. Roba ta fi sauƙin nauyi, ba ta tarwatsewa, laifinta ɗaya karcewa, sai aka bi ta da shafe. Yanzu tabaran yara polikabonet muke ba da shawara, kuma ba a sayar da shi tsirara, da shafensa yake fitowa. Karce yana ɓata gani a hankali, fashewa kuwa lokaci ɗaya take gama aiki. Ya danganta da wanne ka fi tsoro.

Oga Mai Gyara: Anti, ido daban, waya daban. Motorola sun yi irin tunaninki. Sun fito da ShatterShield a 2015, suka ce fuskar ba ta fashewa, kuma da gaske ne ba ta fashewa. Amma da Moto Z2 Force ta fito a 2017, masu bita suka riƙa nuna farce yana barin shati a kanta. Ina suke yanzu da wannan tsarin?

Anti Mai Tabarau: Ƙanena, amma na'urar wasan Nintendo Switch na 2017 fuskar roba ce da shi, kuma ya sayu ba kaɗan ba, don abin yara ne, faɗuwa zai riƙa yi. Kuma talabijin ɗin da ke falonka da laftof ɗin da kake aiki da ita, me kake zato a samansu?

Oga Mai Gyara: Gilashi mana.

Injiniyan Roba: Gilashin yana ciki Oga, amma abin da yatsanka yake taɓawa a yawancin talabijin da laftof marasa fuskar taɓawa leda ce. Irin fuskarsu ta LCD ba ta aiki sai da ledar tace haske a gaba da baya, kuma ta gaban ana rufe ta da wata leda, da can galibi TAC, wadda Fujifilm da Konica Minolta na Japan suka daɗe suna riƙe da kasuwarta. A kanta ake yin shafen tauri, wajen 2H zuwa 3H, wani lokaci da ƙananan ƙwayoyi a ciki don su watsa hasken fitila kada ya dame ka. Wannan ne fuskar da ba ta ƙyalli. Kai da kanka ka sha ɓare ta in ta ƙone ta yi warin tsami.

Oga Mai Gyara: Au, ita ce wannan? Muna canza ta kam, wuƙar reza da haƙuri. Amma wannan ba a saka ta a aljihu.

Admin: Alhaji, an cire tallan da ka saka. Ranar Asabar ce ranar talla, ka sani.

Alhajin Guwanzu: Na ji. Amma ina da magana. Injiniya ya ce mukulli da farce da fensir. Ni abokan cinikina ba sa karce waya da fensir. Kawai wata uku sai ka ga fuskar ta yi hazo-hazo, ƙananan layuka ko'ina, ko leda ko gilashi. Wannan fa?

Injiniyan Roba: Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mu Alhaji. Ƙura ce. Mukulli yawanci tagulla ne, bai kai gilashi tauri ba, shi ya sa wayar Baban Hanifa take zaman lafiya da mukullai. Amma ƙwayar yashi 7 ce a Mohs, ta fi gilashin waya, ta fi duk wani shafen roba da na sani. Ƙurar hunturu da take taso mana daga hamada, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, silika ce cike da ita. Ta sauka a fuska, mutum ya kama gefen riga ko hijabi ya murza a bushe. Kowace murza ƙwayoyin nan ake ja a kan shafen. Ba ƙaton karce ɗaya ba ne, dubban ƙanana ne da suke watsa haske, shi ne hazon da kuke gani.

Shi ya sa masana'anta ba sa dogara da fensir kaɗai. Akwai gwajin Taber: a ɗora farantin a kan abin juyi, ƙafafu biyu masu kaushi su riƙa birgima a kansa da nauyin giram 500 kowace, zagaye ɗari ko dubu, sannan a auna yawan dusashewar da ya yi. Akwai na soson ƙarfe mai lamba 0000, a ɗaura shi a hannun inji ya yi ta kai da komo. Abu yana iya cin fensir ya faɗi a soso, ko akasin haka. Wanda ya fi kama da rayuwarmu shi ne na soso da Taber, amma ba za ka taɓa ganinsu a kwali ba.

Anti Mai Tabarau: Wallahi bakina har ya gaji da faɗa. A ɗauraye tabarau da ruwa tukuna, ɗigon sabulun ruwa, sannan a tsane da ƙyalle mai laushi. Amma ana fita daga shagon sai ka ga Alhaji ya kama bakin babbar riga, wadda ta sha sitati kuwa. Kuma a daina barin tabarau a gaban gilashin mota cikin rana. Roba tana buɗewa da zafi fiye da shafen da ke kanta, sai shafen ya yi tsage-tsage, babu gyara sai sabo.

Ɗan Maraɗi: Wannan ne yake sa fitilar mota ta koma ruwan ɗorawa? Nan wajenmu yara suna gogewa da man goge baki ta yi fes, bayan wata biyu ta dawo fiye da da.

Injiniyan Roba: Dangi ne. Fitilar polikabonet ce, shafenta kuma yawanci yana da maganin hasken rana a ciki. Akwai wani nau'in shafe na silokzen, mai kusanci da gilashi, da ake gasawa a tanda wajen digiri 120 zuwa 130, don polikabonet sai wajen 147 yake fara saki. Ya fi jure rana da yashi, amma yana cin lokaci, kuma sau da yawa sai an fara shafa wani abin riƙo a ƙasa kafin ya kama. Idan rana da ƙura suka cinye shafen, robar take fara canza launi. Yaran nan suna kankare wanda ya lalace ne, har da ragowar shafen, su bar robar tsirara. Dole ta dawo da sauri. In za a goge, a bi da sabon shafe mai tare UV.

Oga Mai Gyara: Tunda an zo nan, gargaɗi ga yara masu koyon gyara: kada tina ko asiton ko fetur ya taɓa fuskar roba. Wani yaro a layinmu ya goge gam a fuskar na'urar POS da tina, nan take ta yi fari fat, aka biya mai ita.

Baban Hanifa: To amma na ji ana cewa sababbin masu naɗewa gilashi ne a ciki. Ƙarya ce kenan?

Injiniyan Roba: Da gilashin Baba, amma ba shi ne a sama ba. Galaxy Fold na farko poli'imid ne zalla. A Afrilun 2019 wasu 'yan jarida da aka ba su don bita suka ɓare ledar saman suna zaton gad ce, fuskar ta mutu, aka ɗage fitowar har Satumba. A Fabrairun 2020 Galaxy Z Flip ta zo da gilashi mai kaurin maikiron 30 kacal, daga kamfanin Schott na Jamus. A wannan sirantar gilashi yana lanƙwasuwa, amma ƙanƙanin karce ɗaya ya isa ya zama mafarin tsagewa, don haka suka rufe shi da leda. Mai tashar YouTube ta JerryRigEverything ya gwada ta da tsinken Mohs, ta fara nuna tabo tun a mataki na 2, inda gilashin waya na yau da kullum sai a 6. Aikin gilashin shi ne ya ba ledar gindin tsayawa don kada ta riƙa lotsawa, kuma ya rage kwarin ninki. Wani abin sha'awa, a Yulin 2019 da Japan ta tsaurara fitar da kaya uku zuwa Koriya ta Kudu, poli'imid mai fulorin yana cikinsu. Abin har ya shiga siyasar ƙasashe.

Ɗan Maraɗi: To gad ɗin haidirojel da ake yanka wa mutum da inji fa? Suna cewa tana warkar da kanta.

Oga Mai Gyara: Tana yi, na gani da idona. Ƙaramin shati in ka bar shi ya kwana sai ya ɓace. Amma wuƙa ko yashi, babu dawowa.

Injiniyan Roba: Ita hanyar ta daban ce gaba ɗaya. Poliyuretan ce mai taushi, ba ta yin gardama da abin da ya danna ta, lotsawa take yi ta dawo, zafi kuma yana hanzarta ta. LG sun yi irin wannan a bayan wayarsu G Flex a 2013. Inda aka yanke naman ledar kuwa ya tafi kenan.

Alhajin Guwanzu: To santsin nan da sabon gad yake da shi, bayan wata guda ya tafi yatsa ya riƙa kamawa? Ana dawo mini da kaya a kan wannan.

Injiniyan Roba: Wannan wani shafen ne na biyu a kan na taurin, na sinadarin fulorin, mai korar maiƙo. Apple sun fara sa shi a iPhone 3GS a 2009. Kaurinsa nanomita kaɗan ne, nanomita dubu ke yin maikiron ɗaya, don haka gogewa yake. Mai kyau a cikin injin da aka zuƙe wa iska ake turara shi, mai arha fesawa ake yi, shi ne mai tafiya da wuri. Santsin yana taimakon taurin ma, don ƙwayar yashi takan zame maimakon ta kafe. Ku ɗiga ruwa a kan samfurin, in ya dunƙule ya gangara shafen yana nan, in ya baje babu.

Alhajin Guwanzu: Wata mai zuwa zan koma sari. Me zan tambayi masu masana'antar don kada su raina mini hankali?

Injiniyan Roba: Ku tambaye su 9H ɗin da nauyin giram nawa aka gwada, kuma a kan ledar kaɗai ko an manna ta a gilashi, don mannawar tana ƙara maki. Ku nemi sakamakon soson ƙarfe, nauyi nawa, kai da komo nawa, da yadda ɗigon ruwa yake tsayawa bayan gwajin, ba kafinsa ba.

Oga Mai Gyara: Alhaji ka sayi soson 0000 ɗinka ka sa a jaka. Takarda kowa yana iya bugawa.

Alhajin Guwanzu: Soson wanke tukunya na gida ba zai yi ba?

Injiniyan Roba: Ya yi kaushi da yawa Alhaji, duk samfurin zai faɗi ku kasa bambance mai kyau da marar kyau. Masu sayar da kayan fentin katako suna da mai laushin. Ku ɗora nauyi iri ɗaya a kan kowanne, ko dutsen awo na kilo ɗaya, ku ja adadi iri ɗaya, sannan ku haska fitilar waya daga gefe.